Abin Da Za Mu Kai Gaban Sabon Ciyaman

Jawabin da aka yi wa dattawa da wakilan ikkilisiyoyi kafin ziyarar gaisuwa ga sabon shugaban ƙaramar hukuma

 

An ɗora mini nauyin in yi magana a kan ziyarar da muke shirin kai wa sabon shugaban ƙaramar hukumarmu. Zaɓe ya wuce, an rantsar da shi, ya shiga ofis. Waɗansunmu sun zaɓe shi, waɗansu sun zaɓi wani, da yawa kuwa ba su ko fita ba, suna cewa an riga an rubuta sakamako tun kafin a buɗe rumfa. Ba zan yi musu da su yau ba, gama duk mun ga yadda a watan Oktoba na 2024 jam'iyya ɗaya ta kwashe ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, wata kuma ta kwashe 44 na Jihar Kano, ko ɗaya ba a bar wa abokan hamayya ba. Amma ko ta wace ƙofa mutum ya shigo, yanzu shi ne a kan kujera, sa hannunsa ne zai yi aiki, kuma Manzo Bulus ya umarce mu a 1 Timoti sura 2 mu riƙa yin addu'a domin masu mulki, bai kuwa ware waɗanda ba mu zaɓa ba.

Kun san yadda irin wannan ziyara takan kasance. A sa manyan kaya, a cika mota, a yi ta yabo har mai gida ya fara duba agogo, sa'an nan a zube masa buƙatu ashirin a dunƙule. Shi kuma ya ce ya ji, za a duba. A ɗauki hoto, a ba da ɗan abin sayen mai, a watse. Bayan shekara uku a tambayi juna me aka samu, sai hoton.

Ina so mu dubi Nehemiya sura 2. Da sarki Artashate ya tambaye shi abin da yake so, Nehemiya ya yi addu'a a zuciyarsa, sa'an nan ya ba da amsa kamar wanda ya kwana da lissafi. Ya roƙi izinin tafiya, ya yanka wa sarki lokaci, ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa, ya kuma roƙi wasiƙa zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki domin a ba shi katako. Ya san sunan mai katakon. Kowane abu da ya roƙa yana hannun wanda ya roƙa ɗin. Wannan ne nake so mu koya kafin mu hau mota.

To, me ke hannun ciyaman? Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a Jadawali na Huɗu, kuma ina roƙon kowane dattijo ya sa wani yaro ya karanta masa wurin, bai fi shafi biyu ba. A ciki akwai maƙabarta, da kasuwa, da mayanka, da tashar mota, da ban-ɗakin jama'a. Akwai titunan cikin unguwa da fitilunsu da magudanan ruwa, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. An kuma ce ta sa hannu tare da gwamnatin jiha a kan makarantun firamare, da yaƙi da jahilci, da noma, da kiwon lafiya. 'Yan sanda ba sa ciki. Wutar lantarki da farashin taki da kuɗin mai ba sa ciki. Haka nan takardar mallakar fili a cikin birni, wadda ikkilisiyoyi da yawa suke kuka a kanta: bisa Dokar Filaye ta 1978 ƙasar cikin birni tana hannun gwamna ne, ƙaramar hukuma kuwa tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a lasafta su cikin birni ba. Saboda haka 'yan'uwanmu na ƙauye suna da maganar fili da za su yi da ciyaman kai tsaye, mu na cikin gari kuwa iyakar abin da zai yi mana shi ne ya raka maganarmu zuwa sama. In muka ɓata rabin lokacinmu a kan abin da ba nasa ba, mun ba shi hanyar kuɓuta da kanmu.

Zai ce babu kuɗi. Kowane ciyaman yakan faɗi haka, wani lokaci kuma gaskiya ne. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma shekaru da yawa kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya rage bayan an cire albashin malaman firamare da sauran abubuwa shi ke isa sakatariya. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi ta gaggawar yin zaɓe a ƙarshen shekarar. Sai dai hukunci daban, aiki da shi daban, domin har cikin 2025 ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi tana ta kukan cewa ba a cika shi ba. Saboda haka tambaya ta fari da za mu yi masa, cikin ladabi, ita ce nawa ke shigowa hannunsa kowane wata, kuma ko zai yarda a liƙa kasafin shekara a allon sakatariya inda kowa zai gani. Ana wallafa rabon da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga Abuja, matasanmu masu waya za su iya nemo shi. Mutumin da ya san kun san adadi yakan yi hankali da amsarsa.

Yanzu ga abin da nake gani ya kamata mu fara da shi, ko da zai ba waɗansu mamaki: lambatu, da shara, da ruwan sha. Na sani wani zai ce, Fasto, an tara mu a kan damuwar masu bi, kana maganar kwata? I, ina maganar kwata. Ku ƙirga yaran da muka binne a damina biyar da suka wuce, ku gaya mini nawa ne tsanani ya kashe, nawa ne zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa suka kashe. A shekarar 2021 kaɗai an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, kuma jihohin Arewa ne suka fi shan wahala, irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara. Hanyar ciwon ba ɓoyayya ba ce. Lambatu ya toshe da leda, ruwan sama ya cika shi, ya haɗu da masai, ya gangara cikin rijiya ko ya shiga fasasshen bututu, ɗan ga-ruwa ya ɗebo a jarka ya sayar mana. Ruwan nan ba ya tambayar sunan mai gida. Wanda ya bi ta ƙofar majami'a shi ne ya bi ta ƙofar masallaci.

Don haka nake ba da shawara kada mu kai wannan buƙata mu kaɗai. Kowace ikkilisiya ta tafi wurin mai unguwa da limamin unguwa, a zaga tare, a rubuta sunan layi da wurin da ruwa ke kwanciya, da bolar da ta fi wata uku ba a kwashe ba, da tuƙa-tuƙan da suka mutu. Gyaran tuƙa-tuƙa goma ya fi sauƙi a kan haƙa sabuwar rijiyar burtsatse ɗaya, sai dai 'yan siyasa sun fi son sabuwa domin ita ake yanka wa kyalle. Takardar da fasto da liman da mai unguwa suka sa wa hannu tare ba ta saurin ɓata a ofis. Annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila, a sura 29, cewa su nemi lafiyar birnin su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. In haka aka ce wa bayi a baƙuwar ƙasa, ina ga mu da yawancinmu a nan aka binne cibiyarmu?

A kan asibitin sha-ka-tafi ba zan daɗe ba, gama uwayenmu mata sun fi ni sanin abin da ke can, su ne kuma ya kamata su yi maganar a gabansa. Abin da zan ƙara shi ne a tambayi wane asibiti ne a kowace mazaɓa ke da ungozoma da dare, kuma wa ke cikin kwamitin mazaɓa mai lura da shi. Cutar mashaƙo da ta ɓarke tun ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, yaran da ba a yi wa rigakafi ba ta fi kamawa. Nan laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, fastoci mu riƙa sanar da ranar rigakafi daga bagade kamar yadda muke sanar da ranar baiko.

Makarantar firamare kuma, dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Muna so a gyara rufi, a sa benci, malami ya zo aiki. Muna kuma so a tuna da sashe na 38 na Tsarin Mulki, wanda ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Inda akwai 'ya'yan masu bi da dama a makaranta, mu roƙi a tura malamin darasin addinin Kirista, mu kuma zo da sunayen 'ya'yanmu masu takardar koyarwa da ke zaune ba aiki, don kada a ce an nema ba a samu ba.

Bari in zo kan abu biyu da suka shafe mu musamman, waɗanda in ba mu faɗa ba babu mai faɗa mana.

Na farko maƙabarta. Ita ce kusan farkon abin da Jadawali na Huɗu ya ambata cikin ayyukan ƙaramar hukuma, saboda haka ba alfarma muke roƙo ba. A wurare da yawa maƙabartar masu bi ta cika, ko gari ya cim mata, masu gini suna gutsurar ta ta gefe, ko kuma tana da nisan da sai an yi hayar mota da kuɗin da gwauruwa ba ta da shi. Akwai ikkilisiyoyin da ke binne matattu a gonar wani dattijo bisa alheri, ranar da dattijon ya rasu 'ya'yansa suka sayar da gonar, shi ke nan. Ku tuna abin da ya sa fuskar Nehemiya ta ɓaci a gaban sarki: birnin da kaburburan kakanninsa suke ya zama kufai. Ku kuma tuna da Ibrahim a Farawa sura 23. Da Saratu ta rasu, Hittiyawa suka yi masa tayin ya binne ta a kabarin da ya ga dama, Efron ma ya ce ya ba shi filin kyauta. Ibrahim ya rusuna ya gode, amma ya nace sai ya biya. Ya auna shekel 400 na azurfa a gaban jama'a a ƙofar gari, aka tabbatar masa da filin da kogon Makfela da itatuwan da ke ciki har iyakarsa. Ibrahim ya san kyautar baki takan mutu tare da mai bakin. Saboda haka in ciyaman ya ce ya ba mu fili, mu gode, sa'an nan mu roƙi a auna, a kafa duwatsun iyaka, a kai maganar zauren kansiloli a rubuta, hakimi da dagaci su shaida, a ba mu takarda. Katanga kuwa mu za mu yi da kanmu, ko ta itacen ƙaya ce, gama filin da ba a kewaye ba kowa yana ganin nasa ne.

Na biyu takardar shaidar asali, wadda yara ke kira indijin. Ƙaramar hukuma ce ke ba da ita, kuma ba tare da ita ba yaro ba ya samun tallafin karatu na jiha, shiga soja ko ɗan sanda ko aikin gwamnati yakan gagare shi. Kukan da muke ji daga ikkilisiyoyi shi ne, yaro ya je da sunan ƙauyensu da na kakansa, yana Hausa ta gado, amma da an ga sunansa Bitrus ko Rifkatu sai a ce ya koma garinsu. Wane gari? Sashe na 318 ya bayyana ɗan jiha da cewa wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar, addini bai shiga maganar ba. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko inda ya fito. Abin da za mu roƙa ƙarami ne: a rubuta sharuɗɗan samun takardar da kuɗinta, a liƙa a bango, su zama ɗaya ga kowa, wanda aka hana kuma a gaya masa dalili a rubuce. Manzo Bulus bai ji kunyar neman haƙƙinsa na ɗan ƙasa ba. A Filibi, bayan an yi masa dūka an kulle shi ba shari'a, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Neman haƙƙi ta hanyar doka ba rashin tawali'u ba ne.

Amma akwai abin da dole in faɗa a nan, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Kukan nan da muke yi, Hausawa Musulmi suna yin irinsa a Jos da waɗansu wuraren da masu bi ne ke riƙe da sakatariya. In zalunci ne a nan, zalunci ne a can. Duk lokacin da muka haɗu da 'yan'uwanmu na can a babban taro, mu gaya musu haka, domin mudun da suke awo da shi ana kawo mana shi nan a auna mana.

Kada kuma wani ya raina al'amuran ƙaramar hukuma ya ce ƙanana ne. Rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 daga gardamar nama ya tashi. Na Zangon Kataf a 1992 daga shawarar mayar da kasuwa wani wuri ya fara. Na Jos a watan Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne, ɗaruruwan mutane suka mutu. Kasuwa da mayanka da akwatin zaɓe, duk abubuwan da ke kan teburin ciyaman ne. Shi ya sa za mu roƙe shi kada ya taɓa rabon rumfuna ko ya tashi wata kasuwa sai ya zauna da kowane ɓangare tukuna, ya kuma kafa zaman shugabannin addini da na unguwa da za a riƙa yi a kai a kai tun ana lafiya. Kwamitin da sai an ƙone gida ake kiransa, jana'iza yake zuwa. Mu ba shi lambar mutum biyu daga cikinmu waɗanda za su ɗauki waya ko da tsakar dare, mu kuma karɓi tasa.

Akwai abin da nake roƙo kada mu ambata sam a wannan ziyara: kujerar zuwa Urushalima, da buhunan shinkafar Kirsimeti, da motar ƙungiya. Ban ce haram ba ne. Amma ciyaman mai wayo zai fi son ya ba mu kujera biyu da ya ba mu maƙabarta, domin kujera ta fi araha, tana rufe bakin shugabanni, takan kuma bar su suna faɗa da juna a kan wa zai tafi. Haka nan muƙamin mai ba da shawara kan harkokin Kirista. In ya ba da, Allah ya sa albarka, amma wanda ke karɓar albashi a hannun mutum da wuya ya gaya masa abin da ba ya so ya ji. Kujera a kwamitin makaranta da na asibiti da na kasuwa ta fi mana amfani, ko da babu alawus a ciki. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, maganin da aka yi shi ne aka zaɓi mutum bakwai amintattu aka sa su a kan rabon. Wurin da ake rabo, nan ya kamata a ga namu.

Zai kuma yi kyau mu gaya masa abin da mu za mu ɗauka. 'Yan kasuwarmu za su biya kuɗin rumfa da haraji, amma za su nemi rasit. Matasanmu za su fita yasar lambatu kafin damina tare da matasan unguwa, in ya aiko da motar kwashe abin da aka yashe, gama in aka bar shi a bakin titi ruwan farko zai mayar da shi ciki. Majami'un da ke sa lasifika har dare su rage murya, domin maƙwabci mai jinya ba zai sa hannu a takardarmu da safe ba in mun hana shi barci.

Game da tafiyar kanta, shawarata ita ce kada mu wuce mutum bakwai, a ciki a sami mata biyu da matashi ɗaya da wakilin ikkilisiyoyin ƙauye. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a yi kwafi uku, a buga wa namu hatimin karɓa. A gayyaci kansilolin mazaɓunmu su zauna a wurin. Kafin a tashi a roƙi ranar komowa bayan wata uku. In an miƙo ambulan, a gode a mayar. Kowace ikkilisiya ta kawo wa sakataren ƙungiya jerin layukanta da bayanin maƙabartarta da sunayen yaran da aka hana takarda, da ranar da aka hana su, kafin Lahadi biyu masu zuwa.

 Ina roƙon ɗaya daga cikin iyayenmu ya tashi ya yi mana addu'a domin sabon ciyaman da kansilolinsa, ya ambace su da suna.